Na Hango Mai Neman Ƙanwata a Layin Karɓar Magani

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a Kano, shekarata shida a bakin aiki. Kwanan baya aka mayar da ni sashen da masu ɗauke da cutar HIV suke karɓar magani. Wata ranar Talata ina cikin auna jinin wata mata sai na hango wani a layi ya sunkuyar da kai. Saurayin ƙanwata ne, wadda muke ciki ɗaya. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah. Ko bai gan ni ba, ko ya yi kamar bai gan ni ba, Allah masani. Da aka tashi na shiga ɗakin kati na zaro fayil ɗinsa na karanta, har na ɗauki hoton shafi biyu da wayata. Shekara uku ke nan yana shan magani. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na ce wa Mama a ɗan dakata da sayen kayan ɗaki, yanzu ta tasa ni gaba sai na faɗi dalili, har ta kai ga cewa ko baƙin ciki nake yi tunda nawa auren ya mutu. Wata abokiyar aikina ta ce in sayi sabon layi in tura wa Baba hoton, babu wanda zai san ni ce. In na yi shiru na cuci jinina, in na faɗa na ci amanar aiki. Yaya zan yi?

Yayar amarya, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kafin ki ci gaba da karanta amsar nan, ɗauko wayar ki goge hotunan nan biyu. Ki bi su har kwandon sharar wayar, ki duba ko sun hau Google Photos da kansu, ki duba ko kin tura wa abokiyar aikin taki ta WhatsApp. In kin tura, ki tsaya a kanta ta goge a gaban idonki. Na fara da wannan ne domin na san yadda waya take a gidan da ake shirin biki. Yanzu tana hannunki, anjima tana hannun autan gida yana wasa, da yamma amaryar da kanta ta karɓa tana neman hoton leshin da kika gano mata a Kantin Kwari, tana ta jan hotuna da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da yatsan ya tsaya a kan shafin nan, ba ke za ki zaɓi lokaci ba, ba ke za ki zaɓi kalmomi ba, kuma babu kowa a kusa da ya san yadda ake riƙe mutum in irin wannan labari ya faɗo masa.

Kada mu ɓoye wa juna gaskiya. Hango shi a layi ƙaddara ce, babu laifinki. Shiga ɗakin kati bayan an tashi kuwa, ke kika kai kanki. Fayil ɗin da aikin gabanki bai buƙaci ki buɗe ba, ba ki da hurumin buɗe shi, ko da makullin ɗakin a aljihunki yake kwana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi mara lafiya sirri ne: ciwonsa, maganinsa, har zuwansa asibitin ma. Ta bar 'yan ƙofofi kaɗan: in shi ya yarda a rubuce, in kotu ko wata doka ta ce a fitar, in ƙaramin yaro ne ko wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara mai kula da shi ya nema, sai kuma in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Ita ma ta ƙarshen ba nas ɗaya ce take yanke hukuncinta ita kaɗai a kan katifarta da tsakar dare ba. Sashe na 29 ya kira abin da kika yi da sunansa, wato shiga bayanan mara lafiya ko kwafar su ba da izini ba, kuma hukuncinsa na iya kai wa ɗaurin shekara 2, ko tarar naira 250,000, ko a haɗa duka. Ga dokar hana tsangwamar masu ɗauke da HIV, ita ma ta 2014, ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda aka fi tsaurara wa. Sannan ga hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma da ta ba ki lasisi, wadda in ta ga dama ta karɓe abinta.

Shawarar sabon layi kuwa, Allah ya shirya mai ba da ita. Wane layi ake saye yau ba a ɗaura shi a kan lambar NIN ba? Ki bar ma wannan. Baba ya buɗe waya ya ga fayil ɗin asibiti da tambarin wurin aikinki a sama, 'ya'yansa nawa ne suke aiki a can? Shi saurayin ma ba sai ya je wurin mai duba ba. Kuma ki lura, sirrin ya riga ya fita daga bakinki sau ɗaya, tunda abokiyar aikin ta ji. Ki ja mata kunne da gaske, kada ki ƙara mata ko kalma.

To amma in na tsaya a nan na ce "ki yi shiru, doka ce," na yi miki ha'inci, kuma na san ba za ki ji ba. Ni ma da nake rubutun nan, da a ce ƙanwata ce, ba zan zauna ina naɗe zannuwan lefe ina kallo ba. Addini ma bai ce a bar mace ta faɗa rami don gudun gulma ba. Fatima bint Ƙais ta je wurin Manzon Allah (SAW) ta ce Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu ƙarara, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, sannan ya nuna mata Usama bin Zaid. Da wannan malamai suka kafa hujja cewa faɗin aibin mai neman aure ga wadda abin ya shafa nasiha ce. Sai dai ki dubi inda naki ya bambanta. Ba a zaman unguwa kika san abin nan ba, ba a kasuwa kika ji ba. Mutumin nan ya kawo kansa asibiti, ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ya faɗi abin da wataƙila mahaifiyarsa ma ba ta sani ba, bisa sharaɗin cewa ba zai fita daga ɗakin ba. Ajiya ce aka ba asibiti, ke kuma mai gadi ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a kan sirrin aikin likita a Brunei a 1993, ta ce asali riƙe shi wajibi ne, ana buɗe shi ne kawai in cutarwar ɓoyewa ta fi ta bayyanawa, kuma ko a nan ɗin gwargwadon buƙata, ga wanda ya kamata ya ji. Ki riƙe waɗannan biyun: gwargwadon buƙata, ga wanda ya kamata. A lissafin nan mutum ɗaya ce tak take da haƙƙin sani, ita ce wadda za ta kwana ɗaki ɗaya da shi. Mama ba ta ciki, Baba ba ya ciki, balle gwaggo da za ta kai labarin gidan suna kafin la'asar.

Akwai tambayar da ban ga kin yi wa kanki ba: wa ya ce miki ƙanwar taki ba ta sani ba? Yara na yanzu cikinsu da zurfi, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta yiwu ya gaya mata tun kafin ya turo magabata, ta yi kukanta ta share hawaye, suka je wurin likita tare, ta yanke shawarar ba za ta gaya wa kowa a gida ba domin ta san halin gidan. In haka ne, ranar da kika tura hoton nan ba ceto kika yi ba. Kin tona asirin mutum biyu ne, ɗaya daga ciki jininki.

Sannan kin karanta fayil, amma tsoro ya hana ki ganin abin da kike gaya wa majinyata kullum da bakinki. (Kada ki koma dubawa, na roƙe ki!) Mutumin da ya shekara uku yana zuwa layin magani a kan lokaci ba irin wanda ake tsoro ba ne. Wanda ake tsoro shi ne wanda bai taɓa gwaji ba, ko wanda ya sani ya gudu. Ƙwayar nan guda ɗaya da ake sha kullum, in an riƙe ta da gaskiya, yawanci cikin wata shida take danne cutar har gwajin auna yawanta a jini ya kasa ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa wanda ya kai wannan matsayi, ya kuma ci gaba da shan maganinsa, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa cutar. Akwai kuma maganin kariya da wanda ba ya ɗauke da ita zai iya sha. Jariri kuma ta jikin uwa yake ɗauka, in uwa ba ta kamu ba, babu ta inda za ta same shi daga uba. Ban kawo wannan don in ce a ɓoye wa yarinya ba. Dole ta sani kafin a shafa fatiha, domin rayuwarta ce, kuma aure da aka ɗaura a kan ɓoye irin wannan abu yaudara ce komai kyawun sakamakon gwajinsa. Na kawo shi ne don ki sauke zuciyarki. Ba gobara ce ta tashi ba da za ki fasa ƙofa da gatari. Akwai lokaci daga nan zuwa bayan Sallah, akwai kuma makulli.

Bari in ba ki labarin abin da ya sa nake da zafi a kan wannan magana. Shekarun da nake aikin asibiti, akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai da take zuwa karɓar magani, kullum ita ce ta farko a benci, katinta a naɗe cikin leda a bakin zani. Wata rana wata ma'aikaciyarmu, 'yar unguwarsu, ta gan ta, ta je gida ta ce wa yayarta kawai, "Ki daina aiken yara ƙosan wance." Ba ta ambaci ciwo ba, ba ta ambaci asibiti ba. Kafin sati biyu babu mai tsayawa gaban kaskon matar nan. Ta daina zuwa karɓar magani domin ta gane daga ina iskar ta kaɗo. Da aka sake kawo ta bayan wata takwas, a kan tabarma aka shigo da ita, ɗanta na riƙe da ledar nan ta kati. Abin da ya fi ci mini rai, ba ita kaɗai muka rasa ba. Mutum uku 'yan unguwar da suke zuwa wurinmu suka ɓace a watan, ɗaya daga baya muka ji yana hawa mota zuwa wani gari mai nisa don kada a gan shi, watan da ya samu kuɗin mota ya je, watan da bai samu ba ya zauna. Magana zarar bunu ce. Ita ma'aikaciyar har ta yi ritaya tana cewa ita fa ba ta faɗi komai ba. Shi ya sa "a ɗan dakata da kayan ɗaki" da kika ce wa Mama ya tayar mini da hankali, domin daga bakin nas hannunka-mai-sanda ma sakamakon gwaji ne.

Ga hanyar da nake gani. Gobe da safe ki sami shugabar sashenku, ku biyu, ƙofa a rufe. Ki ce mata akwai majinyacin da yake neman auren ƙanwarki, kina so a cire hannunki daga duk abin da ya shafe shi. Ki gaya mata kin buɗe fayil ɗin. Na san da ɗaci, za ta yi miki faɗa, wataƙila har da takardar gargaɗi, amma gara ta ji daga bakinki da ta ji daga bakin lauyansa. Daga nan aikin ya koma hannun likitansa da mai ba shi shawara, waɗanda dama aikinsu ke nan. Kin san tsarin ai, ana yin sa kullum a sashenku: a zauna da mutum a tambaye shi ko abokiyar zamansa ta sani, in ba ta sani ba a ba shi zaɓi, ko ya gaya mata da kansa cikin wa'adin da aka amince, ko ya kawo ta a gaya mata tare a gaban mai ba da shawara, ko ya ba ma'aikaci izini ya kira ta gwaji. Mafi yawan masu ɓoyewa ba mugunta ce take hana su ba, rashin sanin ta inda za su fara ne, da tsoron a wayi gari labarinsu ya cika unguwa. In aka tabbatar masa ita kaɗai za ta ji, sau da yawa sai ka ga namiji ya sauke ajiyar zuciya ya ce a sa rana.

Kada ki tare shi da kanki, a asibiti ko a zaure in ya zo zance. In kika tare shi, yayar amarya zai gani ba nas ba, kuma duk abin da kika faɗa barazana zai ji. Mutumin da ya ji an ritsa shi yana iya daina zuwa karɓar magani gaba ɗaya, daga nan kuma haɗarin da kike gudu ya zama gaske.

Ƙofa ta biyu kuma a buɗe take, ba ki buƙatar fayil ɗin kowa kafin ki shige ta. Tun 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin HIV, da ciwon hanta nau'in B da C, da gwajin jinin sikila, daga asibitin da gwamnati ta amince da shi, kafin a ɗaura. To ke ce ma'aikaciyar lafiya a gidanku. Ki tsaya kai da fata cewa ƙanwarki ba za ta karɓi takardar da aka kawo mata a ambulan ba, domin kowa ya san takarda ana iya sayenta. Su je tare, a ɗebi jininsu a gaban juna, su zauna tare a karanta musu sakamako. Ba a asibitinku ba, kuma ba da rakiyarki ba. Wanda yake shan magani, gwajin da ake yi da ɗigon jini a mafi yawan lokuta yana ci gaba da nuna yana ɗauke da ita ko da an danne ta, saboda haka gaskiya za ta fito a ɗakin da aka tanada don fitowarta. Wani zai ce ai wannan ma amfani ne da abin da kika gani. Ban musa ba, zaren siriri ne. Amma sharaɗi ne da ya kamata ki kafa wa duk wanda ya zo neman ƙanwarki, ko limamin unguwa ne, kuma ki kafa shi ga ƙannen da ke tafe bayanta don kada a ce wannan aka ware.

Mama kuwa, kada ki yi mata ƙarya, kada kuma ki ba ta gutsure. Ki ce, "Mama, a wurin aikina na ga auren da aka ɗaura ba gwaji yadda ya ƙare, mai jinin AS ya auri mai jinin AS ana ta jinyar yara masu sikila, ciwon hanta ya shiga gida. Ba na so a kashe kuɗin kaya sai sun je sun yi gwaji tare, kuma doka ce yanzu." Duk gaskiya ne. In ta ce kin san wani abu ne a kansa, ki ce aikinki ya hana ki maganar kowa, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, kuma haka za ki ce ko da maƙwabcin da bai taɓa taka asibitinku ba aka tambaye ki. Ki saba wa bakinki da wannan amsa tun yau, ki riƙa ba da ita ko a kan ciwon kai aka tambaye ki, domin in a kan mutum ɗaya kaɗai kike yin shiru, shirun ya zama amsa. Maganar baƙin ciki da ta jefe ki da ita ta yi zafi, na sani, musamman ga wadda ta ɗanɗana mutuwar aure. Ki haɗiye. Uwa ce da ta ga ana taɓa farin cikin 'yarta ba a gaya mata dalili ba.

Saura in ya ƙi. In likitansa ya yi iya yinsa, ya ƙi kawo ta, ya ƙi gwajin tare, ya fara kawo uzuri ko ya zo da takardar da kika san ta bogi ce, to magana ta canja. A nan za ki koma wurin shugabarki da likitan ki ce rana tana matsowa, a kai maganar gaban hukumar asibitin, su auna, su sanar da shi cewa za a kira yarinyar, sannan wanda aka ɗora wa alhakin ya kira ta ita kaɗai. A gida kuma ƙin zuwa gwaji tare ya ishi Baba dalilin ɗage ɗaurin aure, ba sai an ambaci sunan wata cuta ba.

In kuma ta ji komai, ta fahimta, ta ce ta ji ta gani tana son abinta, to ki shirya zuciyarki tun yanzu. Ba za ki koma ki kai wa su Mama labari don a hana ta ba. Ko za su gaya wa iyaye, da lokacin da za su faɗa, wannan tsakaninsu ne. Naki shi ne ki tabbatar ta ga likita ta san zancen maganin kariya da gwajin da za ta riƙa yi lokaci zuwa lokaci. Wataƙila wata rana ta shigo ɗakinki ta rufe ƙofa ta ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in gaya miki." Ki bar ta ta faɗa tun daga farko har ƙarshe, kada ki katse ta da cewa dama kin sani.